Jinyar Mai Ciwon Laka Aikin Dangi Ne Duka

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in yi wa 'yan'uwa masu karatu magana a kan jinyar wanda ya karye a gadon baya, ko ta haɗarin mota, ko ta faɗowa daga itace.

Da fari ya kamata a san ciwon. A cikin ƙashin baya akwai laka, ita ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kamar wayar tangaraho. In ta tsinke, abin da ke ƙasa da wurin sai ya bar ji, ya bar motsi. In a wuya ne, hannuwa da ƙafafu su shanye. In a ƙasa da wuya ne, ƙafafu. Laka kuwa ba ƙashi ba ce, ba ta ɗoruwa. Saboda haka masu sace majiyyaci daga asibiti su kai wa maɗori ya ja, ya murɗa, ɓarna su ke ƙarawa.

Sau da yawa ba karayar ce ke kisa ba, gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. Wanda ba ya jin jikinsa ba ya sanin ya gaji da kwanciya, har fatar ƙugu da ta diddige ta mutu, ta ruɓe. A da, yawancin masu wannan ciwo ba su daɗewa. A shekarar 1944 wani likita, Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Ya kafa doka a riƙa juya kowane majiyyaci bayan awa 2, dare da rana, a kuma tsare tsabtar fitar da fitsari. Mutane suka rayu. A 1948 majiyyata 16 suka yi gasar harbin kibiya a kan kekunansu, daga nan ne wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali, aka yi na farko a Roma a 1960.

To, wa zai yi juyin nan a wurinmu? Ma'aikatan asibiti kaɗan ne, gadaje da yawa. Da ɗan ƙanen ubana ya kwanta a wani asibiti, a makon farko ɗaki ba masaka tsinke, kowa da kwanon abinci, kowa "Sannu, Allah ya sawwaƙe." Kafin wata ya cika saura tsohuwarsa da matarsa. Mace guda kuwa ba ta iya juya ƙato ba tare da ta karkata bayansa ba. Sai mutum uku ko huɗu su kama tare, kai da kafaɗa da ƙugu su juya baki ɗaya, yadda ma'aikata suka nuna. Sai da aka rubuta sunayen maza aka raba musu kwanaki, kana matan nan suka sami barci.

Malamai da akawuna, ga inda alƙalaminku zai yi amfani. Ku rubuta wa dangi jerin masu kwana. Ku kafa asusu, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kowane wata, gama jinyar ta watanni ce, ga kuɗin keke da katifa suna jira. Kafin a sallame shi, mutum biyu su koyi sa robar fitsari da duba fata. Kada kuma a riƙa shawara a kansa kamar ba ya nan. Ƙafafunsa ne suka shanye, hankalinsa na nan garau, shi ne mai gidansa har yanzu.

An ce zumunta a ƙafa ta ke. Wanda ya rasa tasa ƙafa, sai mu taka mu je gare shi, ba a makon farko kaɗai ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.

Haza wassalam.

Naku,
Wani Akawu