ƘARA DABAN, DAƊI DABAN: Raddi Ga Masu Auna Kiɗa Da Girman Lasifika

Wannan makon ku yi mini afuwa, ci gaban labarinmu zai ɗan dakata, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ta samarinmu ce masu koyon jita, daga nan Babban Duhu har Safana da Batsari, da kuma masu cusa musu aƙidar cewa wai kiɗa ba ya daɗi sai bango ya girgiza. Ni na ce ƙarya ne, kuma ga hujjojina.

Yaro zai yi noman damina guda, ya sayar da gero da wake, ya shiga mota zuwa Katsina ko Kano neman amfilifaya. Da ya nuna ƙarama sai mai kanti ya taɓe baki ya ce, "Haba ƙanena, wannan ai ta yara ce, ɗauki mai wat 100 ka ji aiki." Ya kinkimo akwati kamar firji, ya kai ɗakin da bai fi taku huɗu ba. In ya ƙure ta tsohuwa ta fito da muciya, in ya rage ta sautin ya koma kamar sauro a cikin gwangwani. Kuɗin gero sun tafi, daɗi bai zo ba.

Abin da mai kanti bai gaya masa ba shi ne, kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na kasuwa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu, sai an ninka ƙarfin amfilifaya kusan sau goma. Wato mai wat 50 ninki biyu kawai ta fi mai wat 5 a kunne. Ita kuwa mai wat 5 ɗin nan ta isa ta tashi zaure guda daga barci.

Akwai irin amfilifaya mai kwalba a ciki, irin ƙwan da ke ja a bayan tsofaffin rediyon kakanninmu, wanda masu gyara ke kira bawul. Halin kwalbar nan shi ne ba ta ba da zaƙinta sai an matsa mata. In ka ɗaga ta kusa da iyakarta, sautin yakan yi kauri da laushi, ya ɗan dushe kamar muryar maroƙin da ya kwana yana waƙa. Babba ma tana da wannan zaƙi, amma kafin ka kai ta can ka kurmantar da unguwa. Ƙarama kuwa tana isa wurin alhali ƙarar ɗaki na iya ɗauka. Turawan da suka ƙera abin sun san haka. Kamfanin Fender na Amurka ya fito da ƙaramar amfilifayarsa mai suna Champ tun 1948, wat 5 ce ko ƙasa da haka, kuma da irinta Eric Clapton ya ɗauki faifan Layla a 1970. Ƙaramin goro ai ya fi babban dutse.

Mu bar Turawa mu dawo gida. Marigayi Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, da me ya zaga duniya? Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal. Alhaji Mamman Shata, ɗan jiharmu, har ya koma ga Mahaliccinsa a 1999 kalangu ne abin kiɗansa, kuma har gobe direba na sa shi a mota ya yi shiru yana saurare. Tsallaka Nijar ka ga Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka bi katin waya daga hannu zuwa hannu har suka kai shi Turai da Amurka. Yanzu yana kiɗa da manyan kaya a manyan dandali, amma hannun da ke kaɗa su a kan wayar keke ya goge. Duk wanda ya ce maka daɗi a cikin akwati yake, kaya yake son sayar maka.

To wanda Allah ya hore wa ƙaramar mai kwalba, ga abin da zan ce masa. Na farko, ɗauke ta daga ƙasa, ɗora a kan kujera ka karkato fuskarta wajen kunnenka, domin ƙafarka ba ta jin kiɗa. Kada ka cusa ta a lungu, lungu yana kumbura sauti ya dagule. Na biyu, kada ka raina ɗakin ƙasa. Soron ƙasa mai tabarma da katifa da labule ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, inda sauti ke dukan bango yana dawo maka a fuska. In na siminti gare ka, rataya darduma ko bargo. Na uku, ɗaga maɓallin ƙarar amfilifaya ya wuce rabi, sannan ka rage daga maɓallin jikin jita. In ka taɓa tsirkiya a hankali ta fito garau, in ka doka ta yi gurnani, duk daga yatsanka. Na huɗu, tsirkiyar da gumi ya cinye ta yi tsatsa, ko amfilifayar sarki ba ta gyara ta. Goge bayan kiɗa, sauya in ta mutu.

Sai batun wuta, wanda nan ne kuɗi ke ƙonewa. Wutarmu bolt 230 ce, kayan da aka yi don Amurka kuwa 120 suke ci, saboda haka duba bayanta kafin ka jona, in ta Amurka ce nemi taransifoma mai rage wuta. Ƙaramin janareta yana hawa yana sauka, sa mata sitabilaiza a tsakani. Ka bar ta ta yi ɗumi na ɗan lokaci kafin ka fara. Kada ka taɓa kunna ta ba a jone da lasifika ba, taransifomar cikinta na iya ƙonewa. Kuma kada ka buɗe cikinta da sunan gyara, tana riƙe wutar da ta haura bolt 300 ko an kashe ta. Lokacin hunturu a rufe ta da zane saboda ƙura, amma sai ta huce.

Na san abin da masu ƙara za su ce. Za su ce mai kwalba tsada gare ta, kwalbar in ta mutu ba a samun ta a kasuwar ƙauye, kuma gidan biki ba ya cika da wat 5. Duk gaskiya ne. Wanda zai yi wa taro kiɗa ya yi hayar manyan kaya, ba ni da ja. Wanda bai da kuɗin mai kwalba ya sayi ƙarama mai batir, yawancin shawarwarin nan za su yi masa aiki. Rigimata da mai kai kayan fili cikin ɗaki ce, da mai kantin da ya zuga shi.

Sannan mu mutanen bakin Dajin Rugu mun san darajar shirun dare fiye da kowa. Mun ga shekarun da magidanci ke kwana kunnensa a waje, yana rarrabe kukan babur da haushin kare. A irin wannan gari, wanda ya toshe wa maƙwabta kunne da ƙara bayan isha'i ya ci haƙƙinsu, ko me yake kaɗawa. Ga marar lafiya, ga mai jego, ga almajiri mai tilawa. Irin wannan ɗabi'a ce ke sa dattawa su yi wa jita kuɗin goro, su ce kayan 'yan iska ce, sai laifin mutum ɗaya ya shafi yaron kirki da ke koyo a ɗakinsa.

Mu marubuta mun san littafi mai bango mai ƙyalli wanda ciki ba komai, kuma mun san yadda mai karatu ke yar da shi a shafi na goma. Haka mai saurare yake. Ƙanena mai jita, bar gasar akwati, zauna ka gyara yatsunka. Mai ja da maganata fili a buɗe yake, ya kawo tasa hujjar.

Mu haɗu mako mai zuwa a ci gaban labarinmu, in Allah ya kai mu.