Jinkirin sauti a situdiyo: a duba saiti kafin a ci bashin sabuwar kwamfuta

Matashin da ya buɗe ƙaramin situdiyo a Birnin Kudu ko Gwaram, da laftof ta hannu da fiyano da manhajar FL Studio, ya san wannan matsala: ya danna fiyano, sautin ya biyo baya a makare. Mawaƙi ya kasa hawa kiɗa, a yi ta maimaitawa, man janareta na ƙonewa. Daga ƙarshe mai waƙa ya ɗauki kuɗinsa ya nufi Zoo Road a Kano.

Shawarar da aka fi ba irin wannan matashi ita ce ya nemi MacBook. Shawara ce mai tsada, kuma galibi ba ta zama dole ba.

Kwamfuta tana tara sauti ne a wata ƙaramar ma'ajiya da ake kira bafa kafin ta fitar da shi. Idan ana aiki da samfur 44,100 a daƙiƙa ɗaya, bafa mai 512 tana jinkirta sauti da kusan milisakan 12, mai 128 kuwa kusan 3 kacal. Milisakan 10 daidai yake da tsayawa mita uku da rabi daga sifika, kunne ba ya damuwa da shi. Amma idan ya kai 30 ko 40, hannu da kunne sun raba gari.

Gaskiya ne Apple ta fi sauƙin sha'ani, domin tsarinta na Core Audio yana zuwa a shirye. Tsohuwar hanyar sautin Windows kuwa tana da zagaye-zagaye, shi ya sa kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da ASIO, mai haɗa manhaja da na'urar sauti kai-tsaye. ASIO4ALL ma kyauta ake sauke shi. A zaɓe shi, a rage bafa lokacin ɗaukar fiyano da murya. Idan sauti ya fara ƙaras-ƙaras an matse ta da yawa, sai a ɗaga kaɗan. Lokacin tace waƙa a mayar da ita 1024, don a nan jinkiri ba ya cutar da kowa.

Masu haɗa kiɗa a wayar Android sun fi shan wuya. Google ya kawo AAudio a Android 8 a 2017, amma sakamakon ya danganta da ƙirar wayar. Shi kuwa abin kunne na Bluetooth, yakan ƙara fiye da milisakan 100, don haka a ajiye shi a koma mai igiya.

Abin dariya ne a ce garin da ke da duwatsun kiɗa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, a daki dutse ya amsa nan take, yau makaɗansa na jiran kwamfuta ta amsa.

Wanda ya gyara saiti kuma yana da 'yan kuɗi, akwatin sauti mai shiga ta USB ya kamata ya fara saya, mai zuwa da ASIO nasa. Irinsa yakan bar mawaƙi ya ji muryarsa kai-tsaye ba tare da ta ratsa kwamfuta ba.