Ado Da Kwalliya: Dogon Siket Mai Duhu A Lokacin Bazara

A wannan wata za mu tattauna ne a kan dogon siket mai duhu, wato baƙi, ko shuɗi mai duhu, ko ruwan makuba, ko kore mai duhu. Kusan kowace mace tana da irinsa a akwati, domin yana shiga da kowace riga, yana ɓoye datti, kuma yana suturta jiki. To amma da zarar watan Maris ya kama, sai ki ga an ninke shi an tura ƙasan akwati, wai baƙin kaya yana jawo zafi. Wasu kuma su daure su ci gaba da sakawa, su wuni cikin gumi da ƙaiƙayi.

Zafin namu dai ba abin wasa ba ne. Daga Maris zuwa Mayu, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano da Yamai, ma'aunin zafi kan haura digiri 40 da rana tsaka. A watan Afrilun 2024, cikin azumi, sai da ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Don haka abin da mace za ta ɗora wa jikinta a irin wannan lokaci magana ce ta lafiya kafin ta zama ta gayu. Abin da nake so ki riƙe shi ne, yawancin wahalar da muke ɗora wa launi, laifin yadi ne da ɗinki da yawan abin da muka jibga a ciki.

Shin baƙi yana jawo zafi?

Gaskiya ne baƙin yadi ya fi fari zuƙar zafin rana. Ki shanya baƙin zani da farin zani a igiya ɗaya, ki taɓa su bayan awa guda, za ki ji bambanci. Sai dai zafin da yadi ya zuƙa daban, wanda ya isa fatarki daban.

A shekarar 1980 wasu masana huɗu, cikinsu har da Amiram Shkolnik na Jami'ar Tel Abib, sun buga sakamakon wani gwaji a mujallar kimiyya ta Nature. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne yadda Larabawan ƙauye ke yawo da baƙaƙen riguna a tsakiyar hamada. Sai suka tsayar da mutum a rana, wani lokaci da baƙar riga mai faɗi, wani lokaci da fara, suna auna zafin da ke shiga jikinsa. Suka tarar baƙar ta fi zuƙar zafi nesa ba kusa ba, amma abin da ya kai ga jikin mutumin duk ɗaya ne. Dalili kuwa, rigar ba ta manne da fata ba. Iskar da ke tsakanin riga da jiki idan ta yi ɗumi sai ta yi sama ta fice, wata ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta, ta tafi da zafin kafin ya taɓa jiki.

Mu ma ba sai mun je nesa ba. Dubi Buzaye da ke ratsa hamadar Agadas cikin rawani da riguna masu baba, irin wanda aka daɗe ana rinawa a Kura da marinar Ƙofar Mata a Kano. Dubi kakanninmu da suka yi rayuwarsu cikin baƙin zani na saƙi. Kayan nasu auduga ne, kuma sakakku ne a jiki. Inda baƙi yake cutarwa shi ne idan ya kasance na roba, ya kuma ɗame jiki. A nan zafin da ya zuƙa kai tsaye yake sauke miki shi a fata.

Akwai ma wata fa'ida da siket mai duhu ya fi mai haske. Farin siket ko ruwan madara, idan yadin ba shi da kauri, da kin tsaya a bakin ƙofa haske ya bugo ta baya sai a ga siffar ƙafafuwanki. Dole a sa masa shafi, a ƙara da siket ɗin ciki. Mai duhu kuwa yana iya zama marar nauyi kuma ya rufe jiki shi kaɗai. Kin ga an rage miki kaya ɗaya ko biyu ke nan.

Zaɓen yadi

A nan ne aikin yake. Jikin ɗan Adam da gumi yake sanyaya kansa, kuma gumin ba ya amfani sai ya bushe. Auduga tana tsotse gumi ta sake shi ga iska. Haka ma lilin, wanda ya fi auduga saurin bushewa, sai dai yana yamutsewa. Akwai kuma biskos, wanda ake yi daga itace da aka sarrafa, yana da laushi da sanyi, yana kuma zuba da kyau a siket. Shi kuwa yadin roba, wato foliyesta da nailan, daga man fetur ake samo shi. Auduga na iya riƙe damshi kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinta ba tare da kin ji ta jiƙe ba, foliyesta kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Idan saƙarsa ta matse, gumin sai ya tsaya tsakanin fata da yadi, kamar kin ɗaura leda.

Matsalar ita ce yawancin baƙaƙen yadikan da ke kasuwa masu sheƙi da araha na roba ne, kuma mai shago zai iya ce miki kotin ne tsantsa. Ko a Kantin Kwari kike, ko a kasuwar garinku, ga yadda za ki gane da kanki.

Ki damƙe gefen yadin a tafin hannu ki matse, sannan ki saki. Auduga da lilin za su nuna yamutsa. Na roba zai koma sumul kamar ba a taɓa shi ba.

Ki ɗiga masa ruwa kaɗan. Idan ya shanye nan take, alama ce mai kyau. Idan ɗigon ya tsaya a kai yana gangarawa, ki yi hattara.

Ki kara yadin a baki ki hura iska, hannunki na ɗaya gefen. Idan iskar ta ratsa cikin sauƙi, haka za ta ratsa a jikinki. Sannan ki ɗaga shi a haske, hannunki a baya. Abin da ake nema shi ne yadin da iska ke wucewa amma ido ba ya wucewa.

Idan kin koma gida da ƙyalle, ki zare zare biyu ko uku ki ƙona a kan faranti, nesa da yara. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri, da warin leda.

Masu sayen na gwanjo kuma, ku duba 'yar takardar da ke ɗinke a ƙugu ko a gefe. Idan an rubuta Cotton ko Linen ko Viscose, kin dace. Idan Polyester ne ɗari bisa ɗari, ki bar shi sai hunturu. Ki tuna araha ba ta ado.

Abin da za ki faɗa wa tela

Siket ɗin bazara shi ne wanda ya zauna daidai a ƙugu, sannan ya buɗe yana sauka. Mai siffar A, ko mai yanka shida da ya buɗe tun daga cinya, ko mai 'yar tattara, duk suna barin iska ta zaga. Fensir da wanda ya matse har gwiwa sannan ya baje a ƙasa, a ajiye su sai sanyi ya shigo. Ban da zafi, suna fitar da surar jiki, kuma su ne ke tilasta a yi tsaga. Idan kina son sakewa wajen tafiya, ki ce a yi miki ninki a baya maimakon tsaga. Yadi biyu zuwa biyu da rabi na mai faɗi ya isa mai siffar A, mai baje sosai kuma ya kan ci uku zuwa huɗu.

Sai maganar shafi. Teloli da yawa sun saba sa wannan shafin mai santsi a kowane siket ba tare da sun tambaya ba, alhali shi ma roba ne. Sai ki sayi auduga mai tsada, a ɓata miki ita da leda a ciki. Ki gaya masa tun farko ba kya son shafi. Idan yadin na buƙata, ki sayo boyel na auduga marar nauyi da kanki, a tsayar da shi a gwiwa.

Ƙugu ma abin lura ne. Roba mai faɗi da ta kama ciki tana tara gumi, har ta bar shaida a fata. Mazagi ya fi, ko a sa roba a baya kawai a bar gaba a shimfiɗe. Wannan ya fi sauƙi ga mai ciki da mai jego, musamman wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa.

Tsawo kuwa ya tsaya a idon sawu. Wanda ke jan ƙasa yana kwasar ƙura da ƙazanta, yana kuma toshe hanyar da iska ke shiga. Ga haɗari: bakin siket mai faɗi kan shiga tayar babur, ya kan kuma lashi wutar risho ko murhu. Idan za ki hau babur ki tattare shi a hannu, idan za ki shiga kicin ki sauya. Yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne da fata.

Abin da ke ciki

Wata za ta sa wando mai ɗamewa na roba, ta ɗora siket ɗin ciki, ta ɗora siket, ta kawo hijabi har ƙasa, sannan ta ce baƙi ne ya dame ta. Uwargida, abu ɗaya ya isa a ciki: gajeren wando na auduga, sakakke, mai kaiwa gwiwa. Yana hana cinyoyi gogar juna, yana tsotse gumi. Kamfai ma ya zama na auduga, a sauya shi da ya jiƙe.

Damshi da ɗumi a matse-matsin jiki su ne ke kawo ƙurajen zafi da ƙaiƙayin da ƙwayar fangas ke haddasawa, kuma masu ƙiba da masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa. Bayan wanka ki tsane waɗannan wurare sosai kafin ki sa kaya. Idan ƙaiƙayi ko ja ya ƙi tafiya, ki je asibiti a duba. Kada ki shafa man bilicin ko man haɗe-haɗe na kemis, domin da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda zai kwantar da ƙaiƙayin na 'yan kwanaki alhali ciwon na ƙara yaɗuwa.

Haɗa shi da riga da mayafi

Da rana tsaka, kai da kafaɗu ne rana ta fi duka, siket kuwa rabinsa a inuwar jikinki yake. To ki sa duhun a ƙasa, hasken a sama. Baƙin siket yana ɗaukar farar riga, ko ruwan hoda, ko ruwan toka mai haske. Shuɗi mai duhu ya fi kyau da ruwan sararin samaniya ko ruwan madara. Ruwan makuba na son ruwan ƙwai mai sanyi ko ruwan zuma. Kore mai duhu kuma ki gwada shi da fari ko ruwan goro marar ƙarfi.

Rigar ta sauko ta rufe mazaunai, hannunta ya zama mai faɗi, kada kuma a cusa ta cikin siket, domin ta nan ne iska mai ɗumi ke fita. Idan kina da ragowar atamfa yadi biyu, ki ɗinka riga da ɗankwali, ki ɗora a kan siket ɗin da ya yi daidai da launi mafi duhu a zanen atamfar. Siket ɗaya sai ya fitar miki da shiga huɗu ko biyar, ba tare da kin matsa wa maigida ba.

Don zuwa aiki ko makaranta, hijabi mai haske marar nauyi da takalmi buɗaɗɗe marar tudu sun wadatar. Don biki ko suna da yamma, riga mai ɗan aiki a wuya da mayafi mai launinta, da 'yan kunne marasa nauyi. A cikin gida kuwa, riga mai gajeren hannu, 'yar hoda da kwalli da turare mai sanyin ƙamshi, sai maigida ya dawo ya tarar da ke tsaf duk da zafin gari.

Kula da shi

Rana da sabulu mai ƙarfi su ne ke mayar da baƙi ya koma ruwan toka. Ki juya siket ɗin ciki waje kafin wanki, ki yi amfani da ruwan sanyi, kada ki jiƙa shi ya kwana, kada bilic ya kusance shi. Wankin farko ki yi masa shi kaɗai, domin sabon yadi mai duhu kan zubar da launi. Ki ɗauraye sosai, ki shanya a inuwa, da wannan zafin ba zai daɗe ba ya bushe. Guga ma ta baya ake yi, in ba haka ba sai ya yi ƙyalli a wurin ɗinki. Sitati kuma a bar shi, yana toshe ƙofofin yadi, yana barin fari-fari. Gumi idan ya bushe a baƙin kaya ya kan bar layin gishiri, don haka a bazara sakawa ɗaya wanki ɗaya. Siket biyu masu kyau da za ki riƙa sauyawa sun fi guda biyar na roba.

Daga ƙarshe, duk kyan yadi ba ya maye gurbin ruwan sha da inuwa. Ki yi cefane da ziyara da safe ko bayan la'asar, ki riƙe lema idan fitar rana ta zama dole. Idan kika ji jiri ko ciwon kai, ko fitsari ya yi duhu, jikinki ruwa yake nema. Wannan shawara ta shafi 'yan matanmu masu tafiya Islamiyya da rana cikin kaya masu duhu, a duba yadin da ake ɗinka musu.

A fitowa ta gaba, idan Allah ya kai mu, za mu duba yadikan hijabi da mayafi da suka dace da damina. Allah ya kawo mana ruwa mai albarka, ya bar mu da mazajenmu lafiya. Wassalamu alaikum.