Kitsen da ke ɓoye a cincin da biskit ɗinmu

1/ 'Yan uwa matasa, ku zo mu yi maganar mai. Ba na mota ba, na ci. Akwai wani kitse da ake kira tirans fat. An yi doka a kansa a Najeriya, amma a ganina mu mutanen karkara irin Durba dokar ba ta iso mu ba tukuna.

2/ A masana'anta ake yinsa. Ana haɗa man tsirrai da iskar haidirojin har ya daskare, don ya daɗe bai lalace ba. Ana iya samunsa a wasu botar shafa burodi, biskit, cincin da kayan gidan burodi.

3/ Me yake yi a jiki? Yana ƙara mugun kolestarol, wato LDL, mai toshe jijiyoyin jini. Kuma yana rage mai kyau, HDL. Duka biyu kenan a lokaci guda.

4/ Abin ya kai har ƙwayoyin gado. Hanta na da wani makunni, SREBP2, da ke kunna ƙwayoyin gadon da ke sarrafa kolestarol. Gwajin da aka yi a ƙwayoyin hanta da ɓeraye ya nuna kitsen masana'antar nan na kunna shi, sai hanta ta ƙara yin kolestarol.

5/ Denmark ta taƙaita shi tun 2003. WHO ta fara yaƙi da shi a 2018, shekarar da haramcin Amurka ya fara aiki. Tamu dokar ta NAFDAC ta fito a 2023: kada ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai.

6/ To amma fa, a kasuwannin Rano da Kibiya, botar da ake ɗiba daga bokiti a ƙulla a leda, wa ya san abin da ke ciki? Ba suna, ba rubutu. Dokar da ta tsaya a manyan shagunan Kano rabin doka ce.

7/ Ban ga laifin mai ƙosai ko mai awara ba. Mai ya yi tsada, dole ta maimaita. Amma man da aka soya har ya yi baƙi shi ma yana da tasa illar ga zuciya.

8/ Abin takaici, man gyaɗar da iyayenmu mata ke matsewa wajen ƙuli-ƙuli ba a daskarar da shi ba, amma shi muke wa kallon ƙauyanci.

9/ Toshewar jijiya ba dare ɗaya take yi ba, tun muna samari take farawa. Ku riƙa duba rubutun jikin kaya. Ku rage kayan leda marasa suna. NAFDAC kuma, don Allah ku shigo kasuwannin ƙauye, mu ma zuciya gare mu.