Diplom ya zo hannu, takardun zama fa?

Ƴan uwa ɗalibai da ke waje, kar murnar gama karatu ta mantar da ku katin zama. A Faransa, mai Master na iya samun katin wata 12 na neman aiki ko buɗe kamfani, amma ya kai takardunsa kafin katin ɗalibci ya mutu, kuma ba a sabunta shi. A Jamus wata 18 ne, sai dai dole ka nuna inshorar lafiya, alhali rangwamen ɗalibi ya ƙare, kuɗin wata ya hau.

Ciwo ba ya sallama. In ka yi sake, kwanciya ɗaya a asibiti za ta cinye abin da iyaye suka yi shekaru suna tarawa. Ku fara shiri tun kuna rubuta kundin ƙarshe, kuma ku faɗa wa na baya.