Gyaran gida da kanka a Kudu: duba takarda da damina kafin ka sayi siminti

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kayan gini suka tashi ba su sauko ba. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura Naira dubu 10 a wurare da yawa, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan dubu 7 zuwa dubu 8. Ga wanda ya saba sayensa ƙasa da dubu 5, ko wannan ɗin ma nauyi ne.

Shi ya sa a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Sabon Shagamu za ka ga mutanenmu da yawa sun haƙura da ɗan kwangila. Mutum ya sayo kaya da kansa, ya ɗauko birkila, shi da ƙannensa su yi lebura. Dabara ce mai kyau, amma a Kudu akwai abubuwan da in ba ka duba ba, kuɗin da ka tsira da su za su bi ruwa.

Na farko, gidan na wa ne? Da yawanmu haya muke, wasu kuma fili ne da kakanni suka samu da baki, babu takarda. Ɗan haya ya zuba tayil, ya canza kwano, shekara na zagayowa mai gida ya ce gida ya yi kyau, ya ƙara kuɗi. To kafin ka taɓa komai, ku rubuta yarjejeniya da shaidu: nawa za ka kashe, nawa za a cire a kuɗin haya, shekara nawa ba ƙari. Mu tuna Lokpanta a jihar Abiya, inda a 2023 gwamnati ta ce kasuwar shanun ta zama ta yini kawai, ba kwana. Wurin da zamanka bai tabbata ba, gyara shi daidai zama, kada ka binne dukiya.

Na biyu, lokaci. Mu 'yan kara kuɗi na shigowa ne da Babbar Sallah, kuma a shekarun nan tana faɗowa tsakiyar daminar Kudu. Nan ake kuskure. Mutum ya ga kuɗi a hannu, ya jibge siminti a ɗaki, laima ta shige shi ya daskare kamar dutse. Gara ka sayi abin da ke jure ajiya a wuri busasshe, irin su kwano da ƙofa da tayil. Siminti kuwa sai ranar aiki ta matso, kuma a ɗora shi kan katako, nesa da bango.

Jerin aiki ma haka. Rufi tukuna, sai kwata da ɗaga daɓe inda ruwa ke shigowa, sai wayar wuta da famfo, sannan filasta. Fenti shi ne ƙarshe. Wanda ya yi fenti kan bango mai laima, kafin wata Sallar ya ɓare.

Na uku, san iyakarka. Fenti, toshe yoyo, ɗauko yashi, duk za ka iya. Amma fasa bangon da ke ɗauke da gini ko ɗora wani bene, wallahi ba aikin ganin ido ba ne. Benen Ita Faji da ya rufta a Legas a Maris 2019 da 'yan makaranta a ciki bai kamata mu manta shi ba. A Legas irin wannan aiki sai da izini, kuma hukumar LASBCA na iya rufe gini. Wayar wuta ma a bar wa mai sana'ar.

Kuɗin gyara kuma a raba su da uwar kuɗi. Kada ka sayar da shanun juyi don silin, gida ya yi kyau sana'a ta mutu. Ware wani abu a gefe saboda farashi na motsi, ka biya birkila mataki-mataki, kada ka zube masa duka.

Da fadar Sarkin Hausawa a kowane gari za ta tanadi takardar yarjejeniya guda, ta riƙa tsayawa shaida tsakanin ɗan haya da mai gida, da an rage rigima da asara. Allah Ya rufa mana asiri.