Likita Horton da Ƙofar da Aka Rufe

'Yan'uwa, in ana zancen likitocin soja na dā, sunayen Turawa kaɗai mukan ji. To, ga wani baƙar fata da ya riƙe wannan aiki shekara ashirin da ɗoriya, sunansa James Africanus Beale Horton. A ganinmu labarinsa ya shafi duk mai shirin zama malami.

Ubansa mutumin ƙasar Ibo ne. An kama shi an sayar, aka sa shi cikin jirgin bayi, sai jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin a teku, gama tun 1807 Ingilishi sun hana wannan ciniki. Ba a mai da shi garinsu ba. Saliyo aka sauke shi, ya zauna a wani ƙauye kan duwatsu kusa da Firitawun, wai shi Gloucester, yana sana'ar kafinta. Nan aka haifi ɗansa cikin 1835. Saliyo ta wannan zamani kuwa matattarar 'yantattu ce daga ko'ina, har da Hausawa da Barebari, kuma daga bakinsu Koelle ya tattara kalmomin harsuna fiye da ɗari ya buga cikin 1854.

Yaron ya yi karatu a makarantar mishan, ya wuce kwalejin Fourah Bay. Cikin 1855 Ofishin Yaƙi na Ingila ya zaɓe shi, shi da samari biyu, aka kai su Landan koyon aikin likita. Daga can ya tafi Edinburgh, ya sami takardar babban likita cikin 1859. Yana ɗalibi ne ya ƙara wa kansa suna Africanus, watau mutumin Afirka. Ku duba sauran sunayensa, ko ɗaya babu na ƙasar kakanninsa. Uban ya rasa gari, ɗan kuwa da ya tashi neman suna sai ya ɗauki na ƙasar baƙar fata gaba ɗaya.

Kada mu ruɗi kanmu game da dalilin wannan alheri. Ba don Allah aka yi shi ba, don bukata ne. Likitocin Turawa da ake aikowa bakin teku zazzaɓi yana ɗauke su tun ba su san hanyar bariki ba, sai aka ga gara a koya wa 'yan ƙasa waɗanda jikinsu ya saba. Ba mu ce wannan laifi ne ba. Amma ruwan da aka ba ka don gidan maƙwabci ya kama wuta, ran da wutar ta mutu sai a karɓe tulun.

Horton ya yi aikinsa a Gwalkwas, watau Gana ta yau, ana ɗauke shi daga wannan bariki zuwa wancan, har Gambiya ya taɓa zama. Ya ga yaƙin Asante sau biyu. A na farko, 1863 zuwa 1864, sojojin da aka girke a bakin kogin Pra ba su ko haɗu da abokan gaba sosai ba, atuni da zazzaɓi suka cinye su. A na biyu, 1873 zuwa 1874, Janar Wolseley ya shiga Kumasi ya ƙone ta. Cikin wannan yaƙi akwai rundunar Hausawa ta Kyaftin Glover, wadda ya fara tarawa a Ikko cikin 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo. Ashe likitan da waɗannan sojoji tushensu ɗaya, bauta ce ta raba kowa da gidansu, kakin Sarauniya ya haɗa su.

Duk da yawon bariki bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littafi kan kurkunu, da wani kan cututtukan ƙasashe masu zafi cikin 1874. Mafi shahara shi ne na 1868, West African Countries and Peoples, inda ya mai da martani ga masanan Landan masu cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta kai ta Bature ba. Da ilmin jikin mutum da ya koya a makarantunsu ya kayar da su, sa'an nan ya ce mutanen Afirka ta Yamma za su iya riƙe mulkin kansu. Hafsan soja ne fa yake faɗin haka, yana cin albashin gwamnatin da yake yi wa magana!

Amma abin da ya fi burge mu ya faru tun 1861. Shekara biyu kacal da kama aiki, ya roƙi Ofishin Yaƙi a kafa makarantar likitoci a Afirka ta Yamma, a bar jigilar samari ɗaiɗai zuwa Ingila. Aka ƙi. Ya kuma nemi a mai da Fourah Bay jami'a. Lalle ya hango abin da ke tafe. Tun 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwini kullum, ya komo ba wanda ya mutu. Da Turawa suka iya zama lafiya, bukatar irin su Horton ta ragu. Cikin 1902 aka kafa ma'aikatar likitocin gwamnati ta Afirka ta Yamma, aka rubuta a fili cewa sai Bature zalla zai shiga. Wanda ya ci jarrabawa ɗaya da su a Edinburgh ya koma ƙarƙashinsu da ƙaramin albashi.

Wani zai ce ai mutum ɗaya gwani ya fi makaranta maras kaya, kuma a 1861 ina malaman da za su koyar? Akwai gaskiya a nan. Sai dai gwani ɗaya, komai gwanintarsa, ilminsa kabari yake binsa in bai bar almajirai ba. Horton ya bar soja cikin 1880, ya koma Firitawun ya buɗe banki, ya rasu cikin 1883 yana da shekara 48. Makarantar likitoci ta Yaba sai 1930 aka buɗe ta, ta Ibadan kuwa sai 1948, shekara 87 bayan roƙonsa.